Ƙugun mota ya zauna mun cusa mashi roba: wa muke ruɗi a tashoshin Arewa?

Yau maganata da direbobinmu ce da kanikawanmu, kuma ba ta bar mu fasinja ba. Na san akwai waɗanda za su ji zafi, cikinsu har da abokaina da muke shan shayi tare bakin gudron. Su yi mani haƙuri, al'amarin ya shafi rayuka.

Kwanan baya na shiga wata mota zuwa Doso, irin doguwar nan mai but. Tun kafin mu tashi na ga bayanta ya kusa lasar ƙasa, hancinta na kallon sama. Mu takwas ne ciki har direba, ga buhunan wake a baya, ga babur ɗaure bisa. Na ce ma direba: "Maigida, motar ga ta zauna fa." Ya yi dariya ya ce: "Malam, kwantar da hankalinka, yanzu za ka ga ta miƙe." Sai ya kira aparanti, anka ɗaga ta da jak, anka ɗauko yankakkun robar tsohuwar taya anka dinga cusawa tsakanin zoben resor ana bugawa da guduma. Da anka sauke ta, ta ɗan ɗago kamar yatsa biyu. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce: "Ɗana, halan dai lafiya?" Direba ya ce: "Lafiya lau Inna, gyara ne munka yi." Ba mu yi nisa ba munka faɗa wani rami, munka ji ƙara, motar ta karkace gefen dama, taya ta fara cin ƙarfen jiki har warin roba ya cika mu. Resor ne ya karye. Allah Ya sa a lokacin muna tafiya sannu saboda shanu da ke tsallakawa. Da muna gudu, da wani ne ke ba ku wanga labari.

Abin da ya fi ɓata mani rai shi ne, da munka tsaya babu wanda ya ce laifin lodi ne ko na roba. Kowa cewa ya yi "hanya ce ba ta da kyau", "tsautsayi ne". Ni ban musa ƙaddara ba. Amma wanda ya cusa roba da hannunshi, ya buga da guduma, bai da bakin ɗora ma rami laifi.

Bari mu fahimci abin da muke taɓawa. Resor, ko mai nannaɗe ne irin na ƙananan motoci ko lam irin na Hiace da Hilux, aikinshi ɗaukar nauyi da lanƙwasawa in taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. Amotisar kuma aikinta hana mota ta yi ta rawa bayan resor ya lanƙwasa. Kamfanin da ya ƙera mota ya auna tsawon resor da ƙarfinshi daidai da nauyin da ya yarda a ɗora, ya auna amotisar daidai da wannan tsawo, ya auna birki da taya da fitila duk bisa wannan tsayi guda. Ke nan tsayin bayan mota ba ado ba ne da kowa zai gyara yadda ya ga dama. In ya zauna, motar na gaya maka ɗaya daga cikin abu uku ne: kaya sun yi yawa, resor ya gaji, ko kuma an sa mata resor da ba na hanyarmu ba.

Mu fara da na ukun, don shi ne sabon abu da ke shigo mana. Yawancin motocinmu tsofaffi ne daga Turai, da can ta Kwatano da gadar Gaya, tun 2023 kuma da iyakar ta rufe anka koma wasu hanyoyi kamar ta Lome. A Jamus da Faransa da Beljiyam samari na sayen gajeren resor su sa ma mota don ta zauna, yawanci santimita 3 zuwa 4 ƙasa da yadda anka ƙera ta. Su can suna da dalili: kwaltarsu sumul take, mota mai zama tana riƙe kwana. A Jamus ma ba a yin haka kara zube, sai kayan na da takardar yarda, wasu kuma sai an kai an duba an rubuta. Irin waɗannan motoci suna faɗowa hannunmu ba tare da mai saye ya sani ba. Wasu samarinmu kuma da gangan suke nema, sun gani a Facebook da TikTok, har akwai mai kai motarshi garaji a yanke mashi zobe ɗaya ko biyu na resor don ta "kwanta".

To ɗan'uwa, ina za ka da ita? Ƙaramar mota yadda kamfani ya ƙera ta, tsakanin cikinta da ƙasa bai fi santimita 14 zuwa 16 ba. Ka cire 4, ka zuba mutum uku a baya, mi ya rage? Ka sauka daga hanyar Yamai zuwa Kwanni ka nufi ƙauyukan Dallol Mauri, inda manyan motoci da amalanke sunka haƙa sawu biyu sunka bar tudun rairayi a tsakiya, cikin motarka ne zai dinga share hanya. A can ƙasa akwai tukunyar man inji, da salansa, da tankin mai, da siraran bututun birki. Ko cikin gari, duk tudun rage gudu da ka haye sai ka ji ta buga. Shi kuwa yankan resor ya fi muni: zoben ƙarshe an ƙera shi ne ya zauna daidai cikin mazauninshi, in an yanke shi resor na iya zamewa ya fita in taya ta sauka rami. Masu gasa shi da wutar walda don ya zauna, su sani ƙarfen resor dafaffe ne da awo, in wuta ta taɓa shi ya rasa ƙarfinshi har abada.

Daga nan sai a zo "gyara". Mai mota ya ga bayanta ya zauna da yawa, ya tambayi bakanike yadda za a ɗaga. Gaskiyar da bakanike ya kamata ya faɗa ita ce: gajeren resor ba ya da wurin juyawa, tsawonshi guda ne, in kana son mota ta koma daidai sai ka cire shi ka sa na asali. Amma na asali da tsada, roba kyauta ce. Sai a cusa roba, ko a ɗora katako ko guntun ƙarfe ƙarƙashin resor, a karɓi jika guda, kowa ya tafi yana murna.

Ga abin da roba ke yi. Resor mai nannaɗe, kowane zobe na ɗaukar rabonshi na lanƙwasa. In ka toshe zobe biyu da roba, ka kashe su ke nan, sauran zobban ne za su yi aikin duka. Motar za ta ɗago kaɗan ta ƙara tauri, amma ƙarfen da ya rage yana lanƙwasa fiye da ƙima, kuma daidai bakin robar ne wahala ke taruwa. Nan yake karyewa, kamar yadda namu ya karye. Kuma da wuya a cusa roba daidai wa daida hagu da dama, shi ya sa kuke ganin motoci na tafiya a karkace kamar jakin da mangalarshi ta rinjaya gefe guda.

Masu Hiace da Hilux nasu salon daban ne: ƙarin lam. Motar da ta zo da lam huɗu ko biyar sai a ƙara mata biyu ko uku, wasu daga wata mota dabam, wasu karyayyu da anka yi ma walda. Direba zai ce maka yanzu ta zama "mai ƙarfi". Ina tambaya: ka ƙara lam, ka ƙara ma taya ƙarfi? Ka ƙara ma boris ɗin ƙafa? Ka ƙara ma birki? Ku duba jikin kowace taya, akwai lamba bayan girmanta da ke faɗin iyakar nauyin da take ɗauka. Lamba 82 na nufin kilo 475, lamba 91 kilo 615, lamba 106 da ake gani jikin tayoyin Hiace kilo 950. Wannan ma ga sabuwar taya ce mai cikakkar iska, ba tsohuwar da ta gama rayuwarta a Turai ta zo ta haɗu da zafin gudron na watan Afrilu ba. A jikin taya akwai kuma lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar da anka ƙera ta: 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Direba nawa ke dubawa kafin su saya?

Mu yi lissafi a fili. Ƙaramar mota mai but, abin da kamfani ya yarda ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, bai wuce kusan kilo 500 ba, kuma yana rubuce a kart giriz da ɗan allon ƙarfe da ke jikin mota. Mutum takwas, a ce kowa kilo 65, kilo 520 ke nan tun ba a ɗora ko ƙullin goro ba. Ƙara buhu huɗu na kilo 100, ƙara babur. An ninka abin da anka ƙera ta dominshi. Zaman da bayanta ya yi shi ne kukanta. Roba da ƙarin lam rufe mata baki ne kawai, nauyin na nan inda yake.

Akwai wani abu da ko cikin kanikawa ba kowa ke kula da shi ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Tsofaffin motoci da yawa da muke hawa, kamar Hiace da Hilux na da da Peugeot 504, suna da wani ɗan bawul na birki a baya, haɗe da sandar ƙarfe ko ɗan resor zuwa ƙafar baya. Aikinshi auna zaman mota. In ta zauna, ya gane an yi lodi, sai ya ƙara sakin ƙarfin birki zuwa tayoyin baya. In ta ɗago, ya gane babu kaya, sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle mota ta juya. To in ka ɗaga bayan mota da ƙarin lam ba ka sake daidaita shi ba, ka yi mashi ƙarya: mota cike da buhuna, shi kuwa yana zaton wayam take. Birkin baya zai yi sanyi, na gaba ya ɗauki aikin shi kaɗai, ya yi zafi, ya daina kamawa daidai lokacin da yaro ko saniya ta faɗo hanya. Wanda ya zaunar da motarshi da gajeren resor kuma ƙaryar tashi a juye take: mota babu kowa, bawul na zaton cike take, ka taka birki da ƙarfi baya ya kulle ya wuce gaba. Na taɓa gani da idona a wani garaji an ɗaure sandar wanga bawul da waya don "tana ƙara". Sababbin motoci masu ABS kwamfuta ke yi masu wanga aiki, amma nawa ne cikin motocin tasharmu?

Sai fitila. In baya ya zauna, hanci ya ɗaga, hasken da ya kamata ya sauka bisa hanya sai ya shiga idon mai tahowa. Duk wanda ke tuƙin dare tsakanin Doso da Dutsi ya san wanga azaba. Mai babur da haske ya makantar ba ya ganin amalanken da ke gabanshi. Shi ma direban da ya ɗaga hanci ba ya ganin ramin da ke ƙarƙashinshi, ga tayoyin gaba sun yi sakayau, sitiyari ba ya jin magana. In kuma an ɗaga mota sama an ɗora kaya bisa rufi, nauyi ya koma sama, kwana kaɗan ko kaucewa guda ta isa ta kifar da ita. A gudun kilomita 80, mota na cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. Babu lokacin da-na-sani a ciki.

Yanzu bari in faɗi hujjar direbobi, don ba zan zalunce su ba. Suna cewa: "Malam, kai albashi kake jira. Mu in ba mu yi lodi ba mi za mu kai gida?" Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man arha da ke shigo mana ta iyaka ya zama labari. Kayan gyara sun yi tsada. Mai mota na jiran kuɗinshi kowane maraice, tasha na karɓar nata, hanya ma na da masu karɓa. Fasinja kuma in an ƙara dala ashirin sai ya yi ta faɗa. Duk na yarda. Amma ku yi lissafin abin da lodi ke ci: taya da ya kamata ta yi shekara tana mutuwa cikin wata huɗu, amotisar na zubar da mai, boris na ƙonewa, shasi na tsagewa a kai walda, mai na ƙara shanyewa. Ribar buhu biyu da kunka ƙara, garaji ke cinye ta. Ranar da abin ya faru kuma, motar da ke ciyar da gida uku ta zama tarkacen da ake sayarwa a kilo, ban da rayukan da babu mai biya.

Hujja ta biyu ita ce: "Tun zamanin 504 haka ake yi." A'a. Ita 504 da anka dinga harhaɗawa a Kaduna, a kamfanin Peugeot da ya buɗe a 1975, ta yi suna ne don an ƙera ta da tsayi da doguwar lanƙwasa. Mai but ɗinta resor huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe, daga kamfani. Injiniyoyi ne sunka auna sunka sa, tare da ƙafa da birkin da sunka dace. Kada a haɗa wannan da robar da aparanti ke bugawa da guduma.

Hujja ta uku ita ce hanyoyinmu na buƙatar mota mai tsayi. Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma akwai hanyar yin shi ta ƙwarai. Ga ta, ga mai son ji. A tsaida mota wuri mai daidai, babu kaya, iskar tayoyi daidai. A auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin ƙarfen da ke bisa taya, hagu da dama. In bambanci ya wuce santimita guda, akwai resor da ya gaji ko ya karye. In mota ta zo da gajeren resor, a cire a sa na asalin irinta, ko mai ƙarfi da anka ƙera domin irin motar da mummunar hanya. A canza su biyu tare, kada a canza gefe guda. A duba amotisar, don wadda ta yi aiki da gajeren resor sau da yawa gajera ce ko ta riga ta mutu. A duba robar nan da ke tare ƙafa in resor ya lanƙwashe ƙarshe, da yawa ta ɓace tuni. In ɗagawa kaɗan ake so, akwai zoben da ake ƙerawa ya zauna cif a mazaunin resor, santimita ɗaya ko biyu, ba katako ba. Kusoshin hannuwan ƙafa a ɗaure su mota na tsaye bisa tayoyinta, in an ɗaure tana rataye robobinsu za su yage. Daga nan a daidaita ƙafafu, a daidaita bawul ɗin birki, a tsaida mota gaban bango a saita fitila. Wannan shi ne gyara. Kuma ko an yi shi duka, nauyin da ke rubuce a kart giriz bai ƙaru da kilo guda ba.

Kanikawa, ku ne kunka fi kowa sani, don haka nauyinku ya fi. Mai mota na iya zama jahilin ƙarfe, ku ba jahilai ba ne. In ya zo ya ce a yanke ko a cusa, ku gaya mashi abin da zai biyo baya. In ya nace, ku ce ya kai wani wuri. Na san za ku ce wani zai karɓa. To ya karɓa, alhakin ya bi shi. Kuma ku tuna yaran da ke koyo hannunku: abin da sunka ga kuna yi shi za su yi shekara talatin masu zuwa.

Shugabannin tasha da sandika, ku ke rubuta suna, ku ke karɓar kuɗin layi, gabanku ake lodi. Motar da bayanta ya zauna har taya ta ɓace cikin jiki ba ta buƙatar injiniya ya gane ta. Mi ya hana ku ce a sauke buhu biyu kafin ta fita? Hukuma ma da nata. Ƙasashen UEMOA sun sa hannu tun 2005 bisa dokar iyakance nauyin manyan motoci, don an daɗe da gano cewa in nauyin ƙafa guda ya ninka, ɓarnar da take ma kwalta na ninkawa kusan sau 16. Ramun da muke zagi, lodi ne ke haƙa su, sannan ramun su karya resor, mu cusa roba, mu ƙara lodi. Muna da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, muna da bizit teknik, muna da jandarma bisa hanya. Roƙonmu shi ne duba takarda ya zo tare da duba mota: a sunkuya a kalli resor da taya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali mu ne masu ƙarancin motoci.

Na bar namu ƙarshe don ya fi ɗaci. Mu fasinja mu ne ke zuwa da buhu uku mu ce "direba taimaka, ka san ni". Mu ne ke ganin mota ta zauna mu shige, don kada kasuwa ta watse ba mu isa ba. Mu ne ke yi ma wanda ya yi magana dariya mu ce tsoro gare shi. Ni kaina ranar nan na ga an buga roba da idona, na san illarta, na koma na zauna don ina sauri. Ban fi kowa ba. Amma daga ranar na ɗau alkawari: in na ga ƙugun mota ya zauna, ko na leƙa na ga roba cikin resor, zan sauka in jira ta gaba, kuma zan faɗi dalili da ƙarfi kowa ya ji. In mutum uku sunka sauka daga mota guda, gobe direban zai rage kaya da kanshi.

Samarinmu masu son mota ta kwanta, ku bari sai ranar da anka shimfiɗa kwalta har ƙofar gidajenku. Kafin nan ku bar ta a tsayin da anka ƙera ta, ku sa kuɗin cikin taya mai kyau.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, Ya ba direbobinmu da kanikawanmu halal mai albarka. Wanda maganata ta ɓata ma rai ya yafe mani, amma gobe da safe kafin ya tada mota ya zagaya bayanta ya duba.